Silimar Louxor ta Barbès: an fanso ginin, amma ina 'yan kallon?

Duk wanda ya taɓa zuwa Faris ya sauka a tashar jirgin cikin gari ta Barbès-Rochechouart ya san wurin da nake magana ko da bai riƙe sunansa ba. Kana saukowa daga matakala samari na tare ka da kwalin sigari a hannu suna ta "Malboro, Malboro", ga masu gasa masara a kan keken kanti, ga jirgi na wucewa a saman kanka bisa gadar ƙarfe har sai ka ji ƙasa na rawa, ga Larabci ga Bambara ga Wolof ga Faransanci duk a cakuɗe, in ka yi sa'a ma ka tsinci Hausa a bakin mutanen Nijar. Toh a cikin wannan hayaniyar in ka ɗaga kai ta kusurwar da titin Magenta ya haɗu da titin La Chapelle, zaka ga wani gini kamar an tsinko shi daga bakin kogin Nilu an dire shi nan, jikinsa duk 'yan ƙananan tayil shuɗi da baƙi da ruwan gwal, an zana macizai masu fasa kai da buzuzu da furen bado da rana mai fukafukai, an kafa dogayen sanduna a gaba irin na ƙofar ɗakin bautar Fir'aunoni. Shi ne Louxor, ana furta shi Luksor kamar garin nan na kudancin Masar. Gidan silima ne, tun 1921.

Abin da ya sa na ɗauko labarinsa ba kyan ginin bane kawai. Wannan gidan da kuke gani, shekarunsa na ƙarshe kafin a rufe shi fim ɗin Indiya da na Masar ne suka riƙe shi, leburori baƙin haure ne 'yan kallonsa, kusan irin mutanen da zaka samu a layin tikiti a Fagge a wancan zamanin. Ya mutu murus, ya yi shekaru yana kango, sannan aka zuba kuɗi masu nauyi aka tashe shi. Yadda aka tashe shi ɗin da wanda aka tasar wa shi, nan ne maganar take.

Wani ɗan kasuwa ne Henry Silberberg ya sayi filin, ya rushe gidan da ke wurin, ya ɗauko mai zanen gini Henri Zipcy. Adon tayil ɗin waje kamfanin Gentil et Bourdet ne suka yi, kuma aikin nasu ya yi ƙarko don har yau mafi yawansa na asali ne. An buɗe ranar 6 ga Oktoba 1921 da kujeru 1,195, na ƙasa da kuma na bene hawa biyu. Shi dai Silberberg bai ci moriyar abinsa ba, bashi ya yi masa katutu, shekarar bata ƙare ba ya mutu, gidan ya koma hannun wasu.

Mutane da yawa suna ɗauka wai gano kabarin Tutankhamun ne ya jawo aka yi masa fasalin Masar. A'a. Kabarin sai Nuwamba 1922 aka gano shi, silimar ta riga shi da shekara guda cur. Su Faransawa ciwon Masar ya daɗe a jikinsu, tun yaƙin da Napoleon ya kai can a 1798, sannan ɗan ƙasarsu Champollion ya warware karatun rubutun Fir'auna a 1822, ga kuma dogon dutsen nan da Muhammad Ali Pasha mai mulkin Masar ya basu kyauta daga Luksor ɗin kanta aka kafa a dandalin Concorde a 1836. Don haka mai kuɗi ya ce zai gina gidan kallo ya sa masa kayan Fir'auna, ba wani abin mamaki bane a wajensu, talla ce. Talaka ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya shiga fada na awa biyu, shi ne dabarar.

A lokacin fim baya magana. Akwai rami a gaban allo inda makaɗa ke zama suna bin hoton da kiɗa, allon kansa ma bango ne aka shafe aka yi wa farin fenti, ɗan ƙarami in ka gwada da na yanzu. Rufin ciki an zana ungulaye sun buɗe fukafukai da rubutun Fir'auna, ginshiƙai kuma da kawunan Fir'aunoni a samansu. Wajen 1930, daidai lokacin da fim mai magana ya shigo, kamfanin Pathé ya karɓi gidan, kuma daga nan aka fara yi wa adon ciki kisan mummuƙe, kowane gyara sai an ƙara shafe wani abu, fenti kan fenti, a manna wannan a rufe wancan saboda sauti ko saboda yayi ya canza, har aka kai lokacin da wanda ke zaune a ciki bai ma san akwai Masar a bayan bangon ba. Waje ne kawai ya tsira.

Daga nan sai kasuwar silima gaba ɗaya ta fara zubewa. A 1957 an sayar da tikiti sama da miliyan 400 a Faransa, zuwa 1992 abin ya dawo wajen miliyan 116. Talabijin ta shiga ɗakuna, mutane suka sayi motoci, masu ɗan hali suka bar tsakiyar gari. Manyan gidajen kallo na unguwa masu zaure ɗaya su suka fi shan wuya, domin kujera dubu ka cika ta da wa? Gaumont-Palace da ke can gaba wajen Place de Clichy, mai kujeru kusan 6,000, a 1973 aka rushe shi ƙasa. Barbès Palace da ke nan kusa a titin Barbès ya koma shagon takalma, abin dariya abin tausayi, kwandunan takalma a inda kujeru suke, aka bar benen da jan labulen a sama suna kallon masu ciniki. Wasu gidajen kuma aka yanyanka su gida uku gida huɗu aka mai da su ƙananan zauruka. Louxor ba a yanka shi ba, ba don ana ƙaunarsa ba sai don ba wanda ya ga ribar kashe masa kuɗi, kuma wannan sakacin ne ya bar zauren da girmansa.

Abin da ya riƙe shi shi ne unguwar ta canza mutane. Goutte d'Or da ke tsallaken titi ta cika da 'yan Aljeriya tun bayan yaƙin duniya na biyu, sai 'yan Maroko da Tunisiya, daga baya 'yan Mali da Senegal da sauran ƙasashen yammacin Afirka. Mafi yawa maza ne gwauraye ko waɗanda suka baro iyali a gida, masu aikin gini da shara da kamfanonin mota irin su Renault da Citroën, suna kwana mutum huɗu mutum biyar a ɗakin haya guda. Ranar hutu ina mutum zai je? Ɗaki ba wurin zama, waje sanyi kamar ya tsaga ƙashi, gidan shayi kuma sai kana saye ake barinka ka zauna. Silima kuwa tikiti ɗaya ne mai arha, fim yana ƙarewa ana sake ɗora shi, ba mai korarka, ga ɗumi. Masu gidan suka gane kasuwarsu, a shekarun 1970 suka juya akalar gaba ɗaya: kaboyi na Italiya, fim ɗin Chanis na faɗa, fina-finan Masar masu waƙa, na yaƙin 'yancin Aljeriya, sai kuma uwa uba Indiya.

Ni nan ne abin ya fi taɓa ni wallahi. Ka duba fa, Ba'aljeriye a Faris baya jin Indiyanci, kamar yadda babanninmu a Kano da Zariya da Jos basa ji lokacin da 'yan Lebanon masu gidajen silima suka fara kawo fim ɗin Indiya a shekarun 1950, amma duk su biyun suka rungume shi hannu bibbiyu. Dalilin ɗaya ne a ganina. Uwa da ake girmamawa, auren dole, ɗan talaka da ya so 'yar mai kuɗi, 'yan'uwa biyu da suka rabu tun suna yara, kunya tsakanin saurayi da budurwa, mugu ya sha kashi a ƙarshe, ba sai an fassara maka wannan ba. Kuma awa uku ne, kuɗinka ya biya. Wani yayana da ya yi zamanin silima a Kano yakan ce su ba kallo suke zuwa ba, hira suke zuwa yi da allo, a zagi bos a yi wa jarumi ihu ya waiwayo, in waƙa ta zo gida ya ɗauka gaba ɗaya. Ba na shakka haka zauren Louxor yake a ranar Lahadi, sai dai nasu da rufi namu sama a buɗe. Har ɓacin sunan ma iri ɗaya ne, yadda a wajenmu ake cewa silima matattarar 'yan iska ce, shi ma Louxor a ƙarshe-ƙarshensa an san ba kallo kaɗai ke kai wasu ciki ba, masu iyali suka janye.

Bidiyo ne ya ƙarasa shi, kamar yadda ya ƙarasa namu. Da zarar mutum zai iya hayar kaset a shagon unguwa su taru su goma a ɗaki su kalla, shikenan. A ƙarshen Nuwamba 1983 aka yi kallon ƙarshe, kuma fim ɗin Indiya ne aka rufe da shi.

Sai dai shekara biyu kafin nan wani abu ya faru wanda a lokacin ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. A Oktoba 1981 gwamnati ta sa fuskar ginin da rufinsa cikin rajistar gine-ginen tarihi. Ma'anar wannan a dokarsu, gidan naka ne, ka sayar ka bayar haya duk ruwanka, amma baka isa ka fasa bangon waje ko ka canza masa kama ba sai da izinin hukuma. Ku riƙe wannan: waje da rufi kawai aka kare, ciki ba a ce komai ba. Wannan rabin kariyar ita ta ceci ginin, kuma ita ce ta haifar da rigimar da za a yi bayan shekara kusan talatin.

Wanda ya saya daga hannun Pathé shi ne Tati, kantin kayan arha da ke tsallaken mahaɗar, wanda Jules Ouaki ɗan asalin Tunisiya ya kafa a 1948. Duk wanda ya je Faris a wancan zamanin ya dawo da tsaraba akwai yiwuwar daga Tati ta fito. Af, jakar nan ta leda mai gida-gida da muke ce wa Gana-mas-go, su a can jakar Barbès suke ce mata, don a nan unguwar baƙi ke cika ta da kaya in za su gida. Toh Tati ya sayi silima da niyyar kasuwanci, amma kanti yana son manyan tagogin gilashi da ƙofofi a buɗe, doka kuma ta ce kar ka taɓa bango. Abu ya cije. Sai aka ba da shi haya aka mai da shi gidan rawar dare, da farko La Dérobade na mutanen tsibiran Karibiyan, sannan Megatown a 1987, shi ma bai daɗe ba. Daga nan aka garƙame. Sama da shekara goma gini na tsaye a ɗaya daga cikin mahaɗun da suka fi cunkoso a Faris, tattabaru sun mai da shi gida, fastoci a manne kan tayil ɗin gwal, ruwa na yoyo, lungun ƙofar ya zama wurin fitsari. Dokar ta hana a rushe, amma bata tilasta wa kowa ya gyara ba. Da an ƙara wasu shekaru a haka da ginin ya rushe kansa da kansa kowa ya huta.

Mutanen unguwa ne suka tada maganar. A 2001 aka kafa ƙungiyar Action Barbès, suka haɗu da masu kishin tarihin gunduma ta 10 ta Faris, inda ginin yake, aka yi ta tara sa hannu ana rubuce-rubuce ana jawo 'yan fim su sa baki. Sun kuma yi sa'ar lokaci, don a shekarar ne Bertrand Delanoë ya zama magajin garin Faris, mutumin da shi kansa a Tunis aka haife shi kuma siyasarsa a gunduma ta 18 ya yi ta, wato unguwar ba baƙuwarsa bace. Wani abu da ya daɗe yana cutar wurin shi ne mahaɗar Barbès iyaka ce ta gundumomi uku, ta 9 da ta 10 da ta 18, kowa na ganin matsalar ta maƙwabcinsa ce. Sai da babbar hukumar birni ta shigo da kanta. A 2003 ta sayi ginin daga Tati.

Kar ku ce daga nan sai biki. Shekara bakwai aka yi ba a kafa ko tsani ba. A 2008 aka zaɓi Philippe Pumain ya jagoranci aikin, sai 2010 ma'aikata suka shiga. A tsakanin nan masu bincike suka riƙa kankare bango a hankali da 'yar wuƙa, fenti bayan fenti, har suka iso na 1921, sai ga adon Masar ɗin nan yana nan a ƙasa, ya ji jiki amma yana nan. Kowa ya yi murna, kuma daga murnar matsala ta fito.

Ga yadda take. Ginin manne yake da gidajen mutane, bango ɗaya suka haɗa. A 1921 ƙarar da ke fita 'yar goge ce da fiyano, yanzu kuwa fim ɗin zamani in bam ya tashi a allo sai kofin shayin maƙwabci ya motsa, kuma dokar hana damun maƙwabta da ƙara a Faransa ba wasa bace. Ta ɗaya ɓangaren ga jirgin layi na 2 na wucewa a gada 'yan taku kaɗan daga bango, ga na layi na 4 a ƙarƙashin ƙasa, kowane 'yan mintuna sai gini ya amsa. Ga dokar gobara, ga dokar cewa mai keken guragu dole ya iya shiga ko'ina, ga na'urar sanyaya da ɗumama wuri da bututunta da dole a samar musu hanya. Sannan ga lissafin kasuwa: zaure ɗaya baya ciyar da silima a yau, abin da ya kashe shi tun farko kenan, sai kana da biyu ko uku yadda fim in ya yi sati biyu a babba ka mai da shi ƙarami ka ɗora sabo.

Maganin da suka kawo shi ne abin da suka kira akwati cikin akwati. Wato a gina sabon zaure sukutum a cikin tsohon, da bangonsa da rufinsa da benensa, a ɗora shi kan sifirin yadda baya taɓa tsohon bango, ƙara bata fita girgiza bata shiga. Tsohon adon a tsaftace shi a ƙarfafa shi a bar shi a inda yake a bayan sabon bango, sannan a kwafe shi daidai-wa-daida a zana a kan sabon. Ƙasa kuma a haƙa a fitar da ƙananan zauruka biyu, wanda shi ma ba ƙaramin aiki bane don ƙasar wannan yankin na gindin tudun Montmartre ba ta da tabbas, sai da aka kafa sabbin turaku masu zurfi aka tallafe ginin kafin a yi haƙa a ƙarƙashinsa.

Nan fa aka raba gari. Action Barbès, su da suka yi faɗan a ceci gidan, su ne suka dawo suna faɗa da aikin ceton, tare da wasu masana tarihin gine-gine. Hujjarsu: wannan na cikin 'yan tsirarun zaurukan zamanin fim marar magana da suka rage da siffarsu, kun same shi da adonsa na asali, sai ku rufe shi da bango ku zana na jabu a kai, ku rage faɗinsa, ku fasa ƙasansa? Ai wannan ba gyara bane, sabon gini ne aka sa wa tsohuwar riga. Suka ce a bar zauren yadda yake a nema masa aikin da zai iya, ko da ba silima ta kullum ba. Wata ƙungiyar kuma, Les Amis du Louxor da aka kafa a 2009, ta tsaya bayan aikin tana bin sa mataki-mataki tana tattara tarihin gidan. An kai ruwa rana, amma tunda ciki baya cikin abin da dokar 1981 ta kare, masu adawa basu da sandar dukan da ta wuce baki da takarda. Aiki ya ci gaba.

In kun tambaye ni, masu adawar sun fi gaskiya a kan abin da aka rasa, hukuma ta fi gaskiya a kan abin da zai yiwu. Zanen da ɗan kallo ke gani yau a babban zaure ba hannun masu fentin 1921 bane, na 2012 ne ko wajen haka, wannan ba a ɓoye yake ba kuma bai kamata a riƙa shafa masa mai ba. Amma ni na ga abin da ke faruwa da ginin da aka ce a adana shi ba tare da an ba shi sana'a ba, shekara biyar sai ka dawo ka tarar da tattabarun nan sun koma. Gidan kallo in ba a kallo a cikinsa me ya rage? Abin da ya ɗan kwantar min da rai shi ne ba a kankare na asalin an zubar ba, yana nan a duhu tsakanin bango biyu, in wata rana jikoki sun samo dabarar da ta fi wannan sai su cire akwatin.

An buɗe a tsakiyar Afrilu 2013, shekara kusan talatin bayan kallon ƙarshe. Kuɗin da aka kashe wajen Yuro miliyan 25, na hukumar birni. Babban zaure kujeru wajen 340, aka sa masa sunan Youssef Chahine, babban daraktan Masar ɗan Iskandariya da ya rasu a 2008, kuma gaskiya sunan ya zauna daram, gidan da ya ari kayan Masar don talla ya zo ya rayu da 'yan kallon fim ɗin Masar, ya ƙare da sunan Bamisire. Na biyu kujeru 140 da rufi shuɗi mai taurari irin na kaburburan sarakunan Masar, na uku 74. In ka tara bai kai 560 ba, ƙasa da rabin na da, in kuma ka raba kuɗin kowace kujera ta tashi kusan Yuro 45,000. An bar ɗan tsohon fasalin allon a bango, in za a fara fim sai babban allo na zamani ya rufe shi. Ɗumama gidan da sanyaya shi da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake yi. A sama an yi ɗan wurin shan abu da baranda, daga nan kana hango farar majami'ar Sacré-Cœur a kan tudu da jirgi na wucewa kusan daidai fuskarka.

Wani abin da ya kamata a lura da shi, hukuma bata ce ita za ta riƙa sayar da tikiti ba. Ginin nata ne, amma ta ba wasu ƙwararru 'yan kasuwar fim kwangilar gudanarwa ta shekara bakwai da sharuɗɗa a rubuce: fina-finai masu ma'ana ba na kasuwa zalla ba, kallo na 'yan makaranta, da kaso na fina-finan ƙasashen kudu wato Afirka da Larabawa da Asiya da Latin Amurka. Kuma ba a banza silima ke rayuwa a Faransa ba, tun 1948 kowane tikiti ana cire masa haraji, yanzu kashi 10 da ɗoriya cikin ɗari, ya tafi asusun hukumar fim ta CNC, daga nan a dawo da shi ga masu shirya fim da masu gidajen kallo. Har fim ɗin Amurka in ya yi kasuwa a Faris yana biya wa ƙaramar silimar unguwa kuɗin gyaran kujera. Wanda duk zai ce a kwaikwayi Louxor a wani wuri ya fara duba wannan kafin ya duba tayil. Mu a Kano tun 1937 muke da silimar Rex, mun ga gobarar El-Duniya ta 1951 da ta ci mutum 331, mun yi Palace da Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado, amma yau ka ce wa yaro Wapa canjin dala zai fara kawo maka a rai, ba allo ba.

Ta fuskar kasuwa kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tun shekarar farko 'yan kallo suka haura 200,000, fiye da yadda aka yi hasashe. Amma tsaya a bakin ƙofa da yamma ka kalli layin, sannan ka juya ka kalli masu tsaye a gindin gada. Ba mutane ɗaya bane. Layin na malaman makaranta ne da ɗalibai da 'yan fansho da matasa masu aikin ofis da suka fara sayen gidaje a unguwar don ta fi sauran arha. Fim ɗin kudu da ake nunawa irin wanda ya je bikin fina-finai na Cannes ne ya dawo da lambar yabo, ba irin mai waƙa shida da faɗa a kan jirgin ƙasa da leburan 1978 ke biya ya gani sau uku ba. Ba laifin masu gudanarwa bane kaɗai, shi wancan leburan ya tsufa ko ya koma gida ko ya mutu, ɗansa kuma fim ɗinsa na cikin waya. Suna ƙoƙari da 'yan makarantun unguwa, kuma yaron Goutte d'Or da malaminsa ya kawo shi ya zauna ƙarƙashin ungulayen nan ba ƙaramin abu bane. Sai dai hukuma tun farko bata ɓoye cewa tana son gidan ya canza fuskar mahaɗar ba, kuma ya canza. Shagon Vano da ke fuskantarsa ya ƙone a 2011, a 2015 aka buɗe Brasserie Barbès a wurin, gidan abinci mai hawa-hawa da gilashi, mutum na cin abincin Yuro ashirin a sama yana kallon mai tallan sigari ana kora a ƙasa. An yi surutu sosai a kan wannan a lokacin.

Tati kuwa, wanda ya sayi silimar don ya faɗaɗa kasuwa, ciniki ya yi ta ja baya, aka sayar da kamfanin hannu zuwa hannu, korona ta zo ta ƙarasa. A 2021 babban kantin na Barbès ya rufe ƙofa gaba ɗaya. A Oktoban shekarar Louxor ya cika shekara 100, 'yan watanni bayan an sake buɗe silimomin Faransa daga kullen annoba, mutane na layi da takunkumi a fuska, daga barandar sama kuma kana iya hango allon sunan Tati a tsallaken titi, ƙofofin ƙarfe a sauke.